Bindiga Mai Ruwa da Cin Kano: Yadda A Ke Auna Asalin Tsohon Makami da Tarihinsa

Masu binciken tarihin ƙasar Hausa sun fi sabawa da shaida iri biyu, watau abin da magabata suka rubuta da abin da tsofaffi suka faɗa da baka. Akwai kuwa ta uku, wadda ba a cika koya wa ɗalibai yadda za su yi mata tambaya ba, ita ce kayan da mutanen dā suka bari: takubba, da sulke, da kwalkwali, da ƙyamaren ƙofofi, da bindigogi. Irin waɗannan kaya ba su da baki, don haka wanda ya ga dama sai ya ara musu nasa. Abin da aka saba gani shi ne, kowane tsohon abu a kan rataya shi ga al'amari mafi girma da mutanen wurin su ke tunawa. Tsohon takobi ya zama na jihadi, tsohuwar bindiga ta zama ta ran da Nasara suka ci gari.

Mu ƙaddara an fito da wata tsohuwar bindiga mai ruwa daga wani gida a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, ta yi tsatsa, masu gida sun ce gado ce, tana cikin waɗanda aka ci Kano da su, soja suka yar a nan kan hanyarsu ta shiga birni. Sai aka kawo wa malamin tarihi domin ya sa baki kafin a rubuta mata bayani a gidan ajiye kayan tarihi. To, me zai duba? Abin ba ƙarami ba ne, gama bayanin da aka liƙa jikin kaya a irin wannan gida shi 'yan makaranta za su kwafa, shi malaminsu zai maimaita, bayan shekara ashirin ya shiga littafi, daga nan kuwa fid da shi sai an sha wuya.

Malaman hadisi sun daɗe da share mana hanya, da su ke raba matani da isnadi. Jikin bindigar, da rubutun da ke kanta, da ƙirarta, su ne matani. Jerin hannuwan da ta bi tun daga maƙera har gidan da aka same ta, shi ne isnadi. Bindiga ta kan zama ta ainihi, ƙirar zamanin da a ke faɗa, amma labarin da aka ɗora mata ya zama ba nata ba ne. Masu sayar da tsofaffin kaya sun fi son a gama tambayoyin biyu wuri ɗaya, domin labari shi ke ɗaga kuɗi. Mu sai mu raba su.

Da farko mu san abin da mu ke magana a kai. Wani Ba'amurke mai suna Hiram Maxim, mazaunin Landan, shi ya ƙago wannan bindiga cikin 1884. Hikimarsa ita ce, ƙarfin nan da ke tura bindiga baya in an harba, wanda ke dukan kafaɗar maharbi, sai ya sa shi aiki: shi ke buɗe makulli, ya jefar da kwanson da aka harba, ya jawo sabon harsashi daga jigida, ya rufe, ya sake harbawa. Jigida guda tana ɗaukar harsashi 250, bindigar kuwa tana iya aman kamar 500 zuwa 600 cikin minti ɗaya. Wutar da ta kai haka sai ta lalata bututun, shi ya sa aka kewaye shi da wata ganga mai cin ruwa kusan galan guda. Nauyinta ya kai laba 60, ban da mazauninta da akwatunan harsashi, saboda haka a ƙasar nan 'yan alaro ke ɗaukarta a ka, kashi kashi. Kamfanin Kwara na Goldie ya zo da guda 6 sa'ad da ya ci Bida da Ilori a farkon 1897.

Yaƙin Kano an rubuta shi filla filla. Ran 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da hafsoshi Turawa 24, da soja baƙar fata 700 da ɗoriya, galibinsu Hausawa da Yarabawa, da igwa 4 masu faɗin baki milimita 75, da bindiga mai ruwa 4. Ran 1 ga Fabrairu suka fasa Bebeji. Suka bi ta Challawa, ran 3 ga wata suka tsaya gindin ganuwa. Sarkin Kano Aliyu Babba, watau Alu, ba ya gari, ya tafi Sakkwato da yawancin hakimansa da dawakinsu. Aka fara dukan Ƙofar Dukawuya da igwa, ba ta ba da hanya ba, sai aka koma Ƙofar Kabuga, aka fasa, aka shiga. Sarkin Shanu, wanda aka bar wa tsaron gidan sarki, can cikin gidan ya faɗi. Rahoton Turawa ya ƙiyasta Kanawa 300 suka mutu, su kuwa ba su rasa mutum ko ɗaya ba.

Daga wannan labari abu biyu suka shafi bindigarmu. Na fari shi ne wuri. Mutum ya ji an ce rundunar ta fito daga Zariya, ya ga Gyaɗi-Gyaɗi na kan titin Zariya, sai ya ɗauka ta nan aka bi. Titin nan kuwa hanyar mota ce da aka yi daga baya. Dukawuya da Kabuga suna yamma da birni, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna kudu maso gabas, bayan Ƙofar Ɗan Agundi da Ƙofar Nasarawa, kuma a 1903 karkara ce ta gonaki. Abin da ya haɗa wannan yanki da Turawa ya zo ne bayan an ci gari, sa'ad da suka sauka a gidan sarki na Nasarawa, suka kafa mazauninsu a gabashin birni, inda Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa cikin 1909. Watau maƙwabtakar Tarauni da zaman Nasara ta tabbata, amma da zuwan Nasara ba ta tabbata ba.

Na biyu shi ne aikin da bindigar ta yi. An saba cewa bindiga mai ruwa ce ta ci Kano, ni kuwa ina ganin maganar tana bukatar gyara. Gwamna Lugga ya kwatanta ganuwar Kano da cewa kewayenta mil 11 ne, da ƙofa 13, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta ƙafa 40. Harsashin bindiga, kome yawansa, nutsewa zai yi cikin irin wannan ƙasa. Iyakar amfanin mai ruwa a wurin shi ne hana masu tsaro ɗaga kai bisa ganuwa. Igwa ce ta buɗe ƙofa. Inda mai ruwa ta yi ɓarnar da aka san ta da ita shi ne fili, inda dawaki da dakaru suka fito sarari, kamar a Sakkwato ran 15 ga Maris, inda nan ma aka kai guda 4. A Kwatarkwashi kuwa, inda Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a ƙarshen Fabrairu, ƙananan bindigogin sojan doki ne suka yi aikin.

To, mu komo ga matani. Masu nazarin tsofaffin littattafanmu na Larabci sun san in an ɗaga takarda ga haske aka ga tambarin wata uku na masana'antun Italiya, an sami iyakar da rubutun ba zai girme ta ba. Haka sunan kamfani ya ke a jikin wannan bindiga, gama kamfanin ya sake suna sau da yawa, kuma an san shekarun. Daga 1884 Maxim Gun Company ne. Cikin 1888 ya gamu da wani ya zama Maxim Nordenfelt. Cikin 1897 ya zama Vickers, Sons & Maxim, wanda a kan taƙaita da haruffa V.S.M. Cikin 1911 aka cire sunan Maxim, ya zama Vickers Limited, cikin 1927 kuma Vickers-Armstrongs. Masana'antar gwamnatin Ingila ta Enfield ita ma ta ƙera nata. Saboda haka in an ga ɗaya daga sunaye biyu na ƙarshe, magana ta ƙare, bindigar ba ta ga yaƙin Kano ba. In an ga V.S.M. kuwa, ƙofa ba ta rufe ba, amma ba ta buɗe ba, don sunan ya rayu shekara takwas bayan cin Kano. Sai a koma ga lambar da aka buga mata, a gwada da lissafin kamfanin.

In tsatsa ta cinye rubutun, ƙira ta kan ba da shaida. Gangar ruwan Maxim ta Ingila kafin 1903 sumul ta ke, da yawa kuma na tagulla ne. Ganga mai tsaga-tsaga a tsaye, kamar kwanon rufi, ta baya ce. Sa'an nan cikin akwatin bindigar akwai wani ƙarfe mai gaɓa kamar gwiwar hannu, shi ke riƙe makulli. A Maxim ƙasa ya ke lanƙwashewa, don haka akwatin ya yi zurfi. Da kamfanin ya sake fasali sai ya juyar da shi ya riƙa lanƙwashewa sama, akwatin ya rage zurfi, nauyi ya sauko bai kai laba 40 ba. Wannan ita ce Vickers, wadda sojan Ingila suka karɓa cikin Nuwamba 1912, ba su ajiye ta ba sai 1968. Ga wanda bai sani ba, biyun kamar Hassan da Husaini su ke. Amma Vickers ta yi shekara hamsin da biyar a hannun soja, ta yi yaƙin duniya biyu, an ƙera ta dubbai. In an tsinci mai ruwa a ƙasar da Ingila ta mallaka, hankali ya fi kai mutum ga Vickers kafin ya kai shi ga huɗun Morland.

Akwai kuma ta Jamus, wadda su ma bisa fasalin Maxim suka ƙera, suna kiranta M.G. 08, a Spandau da Barlin. Ita ce mafi sauƙin karantawa, don a kan buga shekarar ƙira a bisa murfinta. Sojan Nijeriya sun sha wutar bindigogin Jamus a Garwa a ƙarshen Agusta 1914, inda aka kore su, Kanar Maclear ya mutu. Garwa ta faɗi cikin Yuni 1915, Mora kuwa, a bisa dutse, ta daure har Fabrairu 1916. Ke nan in an ce bindiga ganimar Garwa ce, aka duba aka ga 1917 ko 1918 a kanta, to, daga fagen Turai ta fito, cikin ganimar da aka rarraba wa ƙasashen mulkin Ingila bayan yaƙi. Ganima ce ta gaskiya, amma ta wani yaƙi a wata ƙasa. Na yaƙin Hitila ba su da wuyar rabewa da waɗannan, gama Bren, wadda runduna ta 81 da ta 82 suka riƙe a Bama, ba ta da gangar ruwa ko jigida, wani lanƙwasasshen gida ne mai harsashi 30 a ke kafa mata a ka. Sai dai a kula, ta Japan mai suna iri na 96 da na 99 ta yi kama da ita ƙwarai. Rubutunta na Japananci ne, shekarar da ke kanta kuwa ta sarautar sarkinsu ce, sai an ƙara 1925 a kan lambar: 18 watau 1943.

Wata tambaya da masu tara tsofaffin makamai a Turai da Amurka su ke ba muhimmanci ita ce, ko lambobin sassan duka sun dace da juna. A wurinsu, wadda sassanta duk nata ne ta fi tsada. Mai tarihi kada ya bi su ido rufe. Bututu ya kan cinye a sake shi, makulli da mashigar jigida kowace bindiga tana tafe da na sauyi a akwati, maƙerin bariki kuwa ba ruwansa da dacewar lamba, muradinsa ta tashi in an taɓa kunama. Har ma Maxim da yawa waɗanda aka ƙera don babban harsashi na inci 0.45, mai baƙin albarushi da hayaƙi, daga baya an juyar da su zuwa na inci 0.303. Don haka faɗin baki shi kaɗai ba ya yanke shekara, kuma haɗe-haɗen sassa sau da yawa alamar doguwar hidima ce. Wadda aka samu cif, kome nata a wurinsa, mai yiwuwa a ɗakin ajiya ta tsufa. Abin da za a tsorata shi ne gyaran da aka yi bayan ta bar hannun soja: walda, da sabon fenti, da lambar da aka sake bugawa da haruffan da ba su yi daidai da sauran ba.

Yanzu ga isnadi, a nan ne kuma nazarin harshe ya ke da abin cewa, domin mafi yawan isnadin da za a samu a gida na baka ne. Sunan nan "mai ruwa" fassara biyu a ke yi masa. Waɗansu sun ce don tana zubo harsashi kamar ruwan sama, kamar yadda a ke cewa ruwan kibau. Waɗansu sun ce don ruwan da a ke ɗura wa gangarta. Na fi karkata ga ta biyu a matsayin asali. Hausa ce harshen bariki, kuma waɗanda suka fara bukatar suna ga wannan abu su ne soja da 'yan alaro masu ɗaukarta da ɗebo mata ruwa kullum. "Mai" kuwa in ta shiga gaban sunan abu, galibi abin da ke jiki ta ke nunawa, kamar riga mai aljihu, ko rijiya mai ruwa. Fassarar ruwan sama ta fi kama da ta waɗanda suka tsaya gabanta, ta kuwa dace da abin da suka gani, shi ya sa ta kama. Ko wacce aka ɗauka, abin lura shi ne sunan ya faɗaɗa. Ya bar Maxim ya rufe Vickers, ya rufe ta Jamus, har ya kai ga Bren wadda ba ta shan ruwa ko kaɗan, kafin 'yan baya su zo da "mashinga" da "mai jigida". In tsoho ya ce mai ruwa ce, ya faɗi jinsi ne, bai faɗi iri ba.

Haka sauran kalmomin su ke. "Zuwan Nasara" rana ce ko shekara, "zamanin Nasara" kuwa shekara hamsin da bakwai ne, daga 1903 zuwa 1960, amma a bakin jika na uku biyun su kan narke su zama ɗaya. "Kaka" na iya zama mahaifin uba, na iya zama kakan kaka. "Yaƙi" in ba a ƙara masa kome ba, na iya zama na Kano, ko na Kamaru, ko na Habasha cikin 1941, ko na Bama, ko ma na basasa daga 1967 zuwa 1970. "Lugga" kuwa ya zama sunan mulkin duka, har a kan ce shi ya fasa Kabuga, alhali ran nan ba ya wurin, daga baya ya iso, ya naɗa Sarki Abbas a farkon Afrilu. Mai tambaya kada ya ce, "Wannan ta cin Kano ce?" don amsar da zai samu ita ce i. Gara ya tambayi wa ya fara kawo ta gidan, mece ce sana'arsa, wane sarki ke kan gado lokacin, jirgin ƙasa ya iso Kano ko tukuna. Jirgi ya iso cikin 1911, Abbas ya rasu cikin 1919, Usman cikin 1926, Abdullahi Bayero cikin 1953. Da irin waɗannan turaku a ke ɗaure labarin baka. D. J. M. Muffett ya bi tsofaffin da suka ga yaƙin da idonsu, ya gwada maganarsu da takardun Turawa cikin littafinsa na 1964. Mu yau masu gani da ido sun ƙare, sai jikoki, don haka tuhuma ta fi wajaba a kanmu.

Yaya isnadi ingantacce ya ke? Akwai wata Maxim ta farko-farko wadda maƙerinta ya ba Stanley ya ratsa Afirka da ita daga 1887 zuwa 1889. Ita ce ta faɗa hannun Lugga sa'ad da ya tafi Uganda cikin 1890, tun yana kyaftin, ya yi aiki da ita a faɗan Mengo cikin Janairu 1892. An san wannan domin kowane hannu ya bar rubutu. A ƙasar Hausa kuwa, misalin da ya fi koya mana abu shi ne Satiru, kudu da Sakkwato. Ran 14 ga Fabrairu 1906 mutanen garin, talakawa da fartanya da gatura da kibau, suka faɗa wa sojan doki, suka kashe Turawa 3 da soja 25, suka kwashe bindigogi har da mai ruwa guda. Labarin ɓatan wannan guda ɗaya ya bi waya har Landan. Aka tara runduna daga nesa, ran 10 ga Maris aka rushe Satiru, aka kashe mutane kamar 2,000, aka komo da bindigar. Wanda ya san wannan zai yi wuya ya yarda cewa an yar da irinta a gonar Tarauni cikin 1903 ba wanda ya rubuta, ba wanda aka tuhuma. Kowacce tana da lamba a littafin ma'ajin makamai, tana da hafsan da ya sa hannu a kanta. Kayan sojan Ingila a kan buga musu wata alamar kibiya mai kama da sawun kaza, in an sayar da su bisa ƙa'ida kuma sai a ƙara ta biyu, tsini na duban tsini. Ita ma a neme ta. Wurin neman takardu kuwa shi ne ma'ajiyar takardun gwamnati da Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a nan Kano.

Saura abin da malami zai gaya wa ɗalibansa in irin wannan ta faɗo hannunsu. Kada a goge ta da yashi ko takardar goge katako, kada a shafa mata fenti, gama lambobin ba su da zurfi, tsatsa ta ci rabi, mai gyara ya cinye sauran. Kada a bari ta kai ga 'yan gwangwan, don gangar tagulla ba ta kwana a wurinsu. Kada kuma a taɓa tsohon harsashin da aka samu tare da ita. Dokar makamai ta 1959 ta sa wannan jinsi cikin waɗanda aka haramta riƙewa sai da izni na musamman, tsufa kuwa ba ya fid da ita daga hukuncin. Hanya ita ce a sanar da 'yan sanda da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1979, mai kula da Gidan Makama. Kafin a ɗauke ta a rubuta ranar da wurin, a ɗauki hotonta yadda ta ke kwance, a kwafe kowane harafi da lamba yadda su ke, har da waɗanda ba a gane ba.

In aka zo rubuta bayanin da za a liƙa mata, layi uku sun isa, kowane da nasa nauyi. Na fari abin da ƙarfe ya faɗa: ƙirar wane kamfani, tsakanin shekara kaza da kaza, lamba kaza, bututu da makulli na sauyi ne. Na biyu abin da aka shaida: an same ta a Tarauni, shekara kaza. Na uku abin da masu ita suka ce, da kalmominsu na Hausa yadda suka faɗa, a fara shi da "Masu gidan sun ce".